Wasa Ɗaya, Farashi Huɗu: Fashin Baƙi Kan Bugu-bugun Gem da Ƙare-ƙaren da Ake Sayarwa Daban

Duk wanda ya shiga shagon PlayStation, ko na Xbox, ko Steam na masu kwamfuta a 'yan shekarun nan da niyyar sayen sabon wasa, ya san da wuya ya tarar da farashi guda. Wasan ɗaya ne, sunansa ɗaya, amma an jera shi sau uku ko huɗu: ga na dala 70, ga na dala 90 da aka rubuta wa Deluxe, ga na dala 100 ko fiye da aka laƙaba wa Gold ko Ultimate, sannan a ƙasan shafin ga wasu abubuwa da ake sayarwa daban, waɗanda ba su da amfani sai ga wanda ya riga ya mallaki wasan. Abin da ya kamata mai saye ya fara riƙewa shi ne babu wata doka ko hukuma da ta ƙayyade ma'anar waɗannan sunaye. Kowane kamfani shi yake raɗa wa bugunsa suna, shi kuma yake zaɓen abin da zai zuba a ciki, don haka Gold ɗin wani kamfani yana iya ƙunsar abin da Ultimate ɗin wani bai ƙunsa ba. A shekarar 2014, lokacin da Ubisoft ya fitar da Watch Dogs, yawan bugu-bugunsa ya kai sai da aka zana dogon jadawali domin mutane su gane me ke cikin wanne, kuma babu bugu ɗaya a jadawalin da ya haɗa komai.

Asalin wannan rarrabuwa magana ce ta kuɗi. Tun daga zamanin Xbox 360 da PlayStation 3 farashin manyan wasanni ya tsaya a dala 60 a Amurka, ya ɗauki wajen shekara 15 bai motsa ba, alhali kuɗin da ake kashewa wajen ƙirƙirar su yana ta hauhawa. Sai a 2020 ne NBA 2K21 na sababbin na'urori ya zo a dala 70, wasu kamfanoni suka biyo baya, a 2025 kuma Nintendo ya sa wa Mario Kart World dala 80. A tsawon shekarun da farashin ya tsaya cik, kamfanoni sun gano cewa ba lallai ne su ɗaga wa kowa kuɗi ba, tunda akwai masu ɗokin da za su biya ƙari da kansu idan aka nuna musu wani bugu da ya ɗara na kowa. Wannan shi ya sa bugu na gama-gari, wanda ake rubuta wa Standard, a mafi yawan lokuta yake ɗauke da cikakken wasan daga farkon labari zuwa ƙarshensa, sauran kuma ɗori ne aka yi a kansa.

Abin da ake ɗorawa a bugun Deluxe yawanci kayan ado ne: wata sutura ta musamman ga jarumin wasan, fentin mota ko na bindiga, hotunan zane da kiɗan wasan da za a iya saukewa. A wasu wasannin akan haɗa da kuɗin cikin wasa. Amma abin da ya fi jan mutane a yanzu shi ne damar fara bugawa kafin kowa. Bugun Ultimate na wasan ƙwallo EA Sports FC 24, a Satumbar 2023, ya bai wa masu shi damar shiga kwana 7 kafin ranar fitowa, tare da maki 4,600 na kuɗin wasan, shi kuma Starfield a wannan watan ya sayar da bugun Premium a dala 100 wanda ya buɗe kwana 5 kafin na sauran jama'a. A ganina wannan shi ne mafi raunin abin da ake sayarwa a cikin bugu, domin darajarsa tana ƙarewa ranar da wasan ya fito wa kowa, kuma waɗannan kwanaki na farko su ne lokacin da kurakuran wasa suka fi yawa, kafin kamfani ya saki gyare-gyarensa. Hujjar da take da ɗan ƙarfi ita ce ta masu buga Ultimate Team, wato sashen wasan ƙwallon da mutum ke haɗa ƙungiyar kansa, inda wanda ya riga shiga yake iya tara 'yan wasa da cinikinsu kafin kasuwar ta cika, amma ga mai gidan gem da abokan cinikinsa ke zuwa buga ƙungiya da ƙungiya kawai, wannan ƙarin kuɗi ba ya sayo masa komai.

Akwai kuma bugun masu tara kayan tarihi, wanda yake zuwa cikin ƙaton kwali da ɗan mutum-mutumi, taswira ko littafin zane. A nan ma sai an karanta da kyau. Bugun God of War Ragnarök na wannan rukuni, a 2022, ya zo da kwalin ƙarfe na ajiye faifai amma babu faifan a ciki, sai takarda mai ɗauke da lambar sauke wasan. A 2018 kuma Bethesda ya tallata bugun Fallout 76 na dala 200 da jakar kambas, masu saye suka buɗe suka tarar da ta nailan, aka fara ba su haƙuri da kuɗin cikin wasa na kusan dala 5, sai da surutu ya yi yawa sannan kamfanin ya ɗinka jakar da ya yi alkawari ya aika musu.

Idan aka bar bugu-bugu aka koma kan abin da ake saukewa bayan an sayi wasa, wanda 'yan gem ke kira DLC, nan ne ruɗanin ya fi yawa, domin suna ɗaya ake kiran abubuwan da girmansu ya bambanta ƙwarai. Mafi daɗewa a cikinsu shi ne babban ƙari, wato sabon yanki na wasa mai nasa labari, nasa ƙasa da nasa abokan gaba. Tun kafin intanet ta wadata ake sayar da irinsa a faifai ga masu kwamfuta: Brood War na StarCraft a 1998, Lord of Destruction na Diablo II a 2001. Misalin da ya fi fito da bambancin fili shi ne The Witcher 3 na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland, wanda ya fito a Mayun 2015. Kamfanin ya raba ƙananan ƙare-ƙare 16 kyauta, irin su sulke, salon aski da 'yan gajerun ayyuka, sannan ya sayar da manya guda biyu: Hearts of Stone a Oktobar 2015 kan dala 10, da Blood and Wine a Mayun 2016 kan dala 20. Na biyun ya zo da sabuwar ƙasa sukutum mai suna Toussaint da labarin da ya haura awa 20, har ya lashe kyautar gwarzon wasa a rukuninsa a bikin The Game Awards na 2016, inda ya kara da cikakkun wasanni. Irin wannan ƙari shi ne abin da ya fi cancantar kuɗin mai saye a duk wannan kasuwa, da sharaɗin cewa ya gama ainihin wasan ko ya yi nisa a cikinsa kuma har yanzu bai gundure shi ba.

Wannan sharaɗi ba na ra'ayi ba ne kawai, domin wani lokaci wasan ne da kansa yake gindaya shi. Shadow of the Erdtree, babban ƙarin Elden Ring da ya fito a Yunin 2024 kan dala 40, ba ya buɗuwa sai mai wasa ya kayar da manyan abokan gaba biyu, Radahn da Mohg, kuma Mohg yana ɓoye ne a wani yanki mai nisa da mutane da yawa suke gama wasan ba su taka shi ba. Wanda ya sayi bugun da ya haɗa wasan da ƙarin a rana ɗaya ya biya kuɗin abin da ba zai gani ba sai bayan awanni masu yawa, idan ma ya kai. Wani lokaci kuma na'ura ce take shiga tsakani: Cyberpunk 2077 ya fito a PlayStation 4 da Xbox One a Disambar 2020, amma ƙarinsa Phantom Liberty na Satumbar 2023 an yi shi ne don PlayStation 5, Xbox Series da kwamfuta, tsofaffin na'urorin ba su samu ba. Akwai kuma wani nau'i da yake tsayawa da ƙafarsa, kamar Far Cry 3: Blood Dragon na 2013 ko Uncharted: The Lost Legacy na 2017, waɗanda ba sa buƙatar wasan da suka samo asali daga gare shi. Shafin shago yakan rubuta a fili idan abu yana buƙatar ainihin wasan, kuma wannan ɗan layi ya fi duk hotunan da ke shafin muhimmanci.

Ƙananan ƙare-ƙare kuwa tarihinsu ya fara ne da abin dariya. A Afrilun 2006 Bethesda ya sayar da sulken doki a wasan Oblivion kan dala 2 da rabi a Xbox 360, aka yi ta yi masa ba'a cewa wa zai biya kuɗi don ya yi wa dokin gem ado. Mutane sun saya, kuma yau ana sayar da sutura guda a wasu wasannin kan dala 20 ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. Abin da ya fi ɓata wa 'yan gem rai shi ne lokacin da suka ga alamar an yanko wani abu ne daga wasan da aka riga aka kammala domin a sayar musu daban. A Maris na 2012 Mass Effect 3 ya fito tare da wani ƙari na kuɗi a ranar farko, mai ɗauke da wani abokin tafiya da yake da muhimmanci a tarihin duniyar wasan, a wannan watan kuma aka gano cewa mayaƙa 12 da Capcom ke shirin sayarwa a Street Fighter X Tekken suna kwance cikin faifan da mutane suka riga suka saya, kulle su kawai aka yi.

Daga nan aka zo kan tikitin zango, wanda ake rubuta wa Season Pass, inda mutum yake biyan kuɗin ƙare-ƙaren da ba a riga an fitar ba domin ya samu rangwame. Rockstar na cikin waɗanda suka fara shi da wasan L.A. Noire a 2011, kuma shi ne yawanci abin da ke bambanta bugun Gold da na Deluxe. Idan kamfani ya fayyace adadin abin da zai fitar da lokacinsa, cinikin yana da ma'ana. Idan kuwa bai faɗi komai ba face alkawarin cewa akwai abubuwa a tafe, to cinikin biri a sama ne. Haka kuma tikitin ba ya nufin duk abin da za a taɓa fitarwa. Waɗanda suka sayi na Borderlands 3 a 2019 sun samu manyan ƙare-ƙare huɗu da aka yi musu alkawari, amma a Nuwambar 2020 aka fito da tikiti na biyu da sabon farashinsa.

Bai kamata a haɗa wannan da tikitin yaƙi ba, wato Battle Pass, duk da kamar da sunayen suka yi. Shi wannan, wanda Fortnite ya yaɗa tun daga Disambar 2017, ba kayan yake ba mutum ba, dama yake ba shi ta ya ci kayan ta hanyar yin wasa cikin wa'adin wasu makonni. Wanda ya biya sannan aiki, karatu ko rashin data ya hana shi bugawa, wa'adin zai ƙare da kayan da bai kai gare su ba. Wannan tsari shi ne wanda matasa da yawa a ƙasar Hausa suka fi sani, domin shi ake samu a wasannin waya irin su PUBG Mobile, Free Fire da Call of Duty: Mobile, inda wasan kyauta ne amma ana sayen kuɗin cikinsa, wato UC, lu'ulu'u ko CP. Dabarar kuɗin cikin wasa ita ce tana raba mutum da lissafin ainihin abin da yake kashewa, kuma sau da yawa ƙunshin da ake sayarwa ba ya yin daidai da farashin kayan, sai a bar mutum da ragowar da ba ta isa sayen komai ba, ita kuma ta ja shi ya ƙara saye. Hukumomi sun fara lura da yadda ake tsara waɗannan shaguna: a Disambar 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasancinsa da hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, inda dala miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutanen da aka cire wa kuɗi ne kan sayayyar da ba su yi niyya ba.

Mataki na gaba da wannan shi ne akwatin sa'a, inda ake biya ba tare da sanin abin da zai fito ba. Fakitin 'yan ƙwallo na Ultimate Team, wanda ya fara a matsayin ƙari na kuɗi a FIFA 09 a shekarar 2009, shi ne mafi shahara. Bayan hayaniyar da aka yi kan akwatunan sa'a na Star Wars Battlefront II a Nuwambar 2017, hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a Afrilun 2018 cewa irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi caca ne a dokar ƙasar, kuma a Janairun 2019 kamfanin EA, mai wasan FIFA, ya daina sayar da makin da ake sayen fakitin da su a can. Abin da mai saye ya kamata ya sani, ko da bai damu da wannan muhawara ba, shi ne 'yan wasan da ya tara da tsabar da ya tara a Ultimate Team na wannan shekara ba sa bin sa zuwa wasan shekara mai zuwa, daga farko zai sake ginawa. Haka nan wasa ya zama kyauta ba ya nufin yana da arha: The Sims 4 ya koma kyauta a Oktobar 2022, amma wanda zai sayi duk ƙare-ƙarensa a cikakken farashi zai kashe fiye da dala 1,000.

Akwai rukunin bugu na biyu, waɗanda suke fitowa shekara ɗaya ko biyu bayan wasan, da sunaye irin su Game of the Year, Complete ko Definitive, kuma a nan ne mai haƙuri yake cin riba. Bugun The Witcher 3 da ya haɗa wasan da ƙare-ƙarensa duka ya fito a Agustan 2016 kan dala 50, ƙasa da dala 60 da aka sayar da wasan shi kaɗai wata 15 kafin nan, ga kuma gyare-gyaren da aka yi masa a tsakani. Sai dai su ma sunayen nan babu mai tantance su, kowane kamfani yana iya rubuta wa wasansa gwarzon shekara. Skyrim na 2011 ya sake fitowa da sunan Legendary a 2013, Special a 2016 da Anniversary a 2021, kowanne da abin da ya ƙunsa. Bugun Definitive na tsofaffin wasannin Grand Theft Auto guda uku, a Nuwambar 2021, ya fito da kurakurai masu yawa har Rockstar ya nemi afuwa a bainar jama'a. Masu son ƙwallo kuma su lura da kalmar Legacy: FIFA 20 zuwa FIFA 23 na Nintendo Switch duk da ita suka fito, ma'anarta kuwa wasan bara ne aka sauya wa riguna da jerin 'yan wasa. Konami ya yi irin haka da eFootball PES 2021, amma ya rubuta a sunan cewa sabuntawar kaka ce, ya kuma rage farashin.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan ya shafi abin da ke cikin kwali ne. Ga mai saye a Kano, Kaduna ko Maraɗi, matsalar da ta fi cin kuɗi ita ce ko abin da ya saya zai yi aiki da wasan da ke hannunsa. Ƙa'ida ta farko mai sauƙi ce: ƙari yana bin shagon da aka sayi wasan, don haka wanda aka saya a Steam ba zai yi aiki da wasan da aka samu a shagon Epic ba, ko da a kwamfuta ɗaya suke, na PlayStation kuma ba ya aiki a Xbox. Har a cikin na'ura ɗaya ana iya yin kuskure, kamar yadda ya faru a 2020 da Pokémon Sword da Pokémon Shield, inda kowanne yake da nasa tikitin ƙari daban, wanda ya sayi na Shield alhali Sword gare shi bai samu komai ba.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ta yanki, kuma ita ce take kama mutanenmu. Najeriya da Nijar ba sa cikin jerin ƙasashen da ake iya zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, saboda haka kusan kowa yana amfani ne da asusun Amurka, Birtaniya ko wata ƙasa, kuma ƙasar da aka zaɓa ranar buɗe asusun ba ta sauyuwa daga baya. Faya-fayan da ke shigowa kasuwanninmu kuwa daga ko'ina suke zuwa, wasu daga Amurka, wasu daga Turai, wasu ta Dubai. Faifan kansa zai yi aiki a kowace na'urar PlayStation 4 ko 5 mai cin faifai, wannan ne ma yake sa mutane su ɗauka babu wata matsala, amma ƙarin da za a saya dole ya fito daga shagon yankin da faifan ya fito. Mutum yana iya samun faifan Turai da asusun Amurka, ya sayi ƙari a shagon Amurka, a cire kuɗinsa, ya sauke shi lafiya, sannan ya buɗe wasan ya tarar babu alamarsa, domin a wajen na'urar waɗannan wasanni biyu ne daban masu lamba daban. Ana gane yankin faifai ta alamar shekarun da ke jikin kwalinsa: ESRB ta Amurka ce, PEGI ta Turai. Akwai kuma lamba a gefen kwalin ko a jikin faifan, mai farawa da CUSA a wasannin PlayStation 4 da PPSA a na PlayStation 5, wadda ta fi alamar tabbaci, domin wasu wasannin suna da lamba fiye da ɗaya ko a cikin yankin Turai kaɗai. Katin kuɗin da ake loda wa asusu shi ma yana bin ƙasar asusun, na dala ba ya shiga asusun fam. Mafitar da mutane ke bi ita ce buɗe asusu na biyu a yankin faifan, a sayi ƙarin da shi, a kunna masa rabawa a kan na'urar domin sauran asusun da ke kanta su amfana. Wannan yana aiki ga manyan ƙare-ƙare, amma ba ya aiki ga kuɗin cikin wasa, domin shi yana maƙale ne da asusun da ya saye shi.

Faifai na hannu yana da tasa matsalar. Abin da ya mayar da bugu Deluxe ko Gold sau da yawa ba a kan faifan yake ba, a wata takarda yake cikin kwali mai lambar da ake shigarwa sau ɗaya, tamkar katin waya da aka kankare aka loda. Idan mai shi na farko ya riga ya shigar da ita, abin da ya rage shi ne bugun gama-gari cikin kwali mai ƙyalli, kuma bai kamata a biya masa fiye da haka ba. Ko a cikin bugu-bugun da ake cewa sun haɗa komai akwai bambanci: na The Witcher 3 ƙare-ƙarensa suna kan faifan, amma na Marvel's Spider-Man na 2019 a takardar lamba suka zo. Waɗannan lambobi su ma suna bin yanki, wasunsu kuma suna da ranar da suke daina aiki ko da ba a taɓa buɗe kwalin ba.

Sauyin na'ura daga PlayStation 4 zuwa 5 ya ƙara wani reshe. Wasu wasannin suna ba mai na PlayStation 4 sigar PlayStation 5 kyauta, wasu suna karɓar dala 10, wasu kuma sun ɗaure damar a bugu mai tsada, kamar Control, wanda a 2020 masu bugun Ultimate kaɗai aka bai wa, aka bar waɗanda suka sayi wasan da ƙare-ƙarensa tun farko. Wanda zai ɗaga daga faifai sai faifan yana cikin na'urar duk lokacin da zai yi wasa, don haka mai PlayStation 5 marar wurin faifai ba shi da wannan hanya. Sannan samun faifai ko kati a hannu ba ya nufin an tsira daga saukewa. Nintendo Switch 2, da ya fito a Yunin 2025, ya zo da wani nau'in kati da babu wasan a cikinsa, mabuɗi ne kawai na sauke shi daga intanet, manyan wasanni irin su Call of Duty kuma suna iya haura gigabait 100. A inda ake sayen data da awo kuma wuta take zuwa tana ɗaukewa, girman abin da za a sauke wani ɓangare ne na farashin, kuma shafin shago yakan nuna shi kafin a biya.

Masu biyan kuɗin wata-wata na Game Pass ko PlayStation Plus, masu ba da damar buga jerin wasanni, su ma su sani cewa mafi yawan wasannin da ke ciki bugun gama-gari ne, kuma suna shiga suna fita. Wanda ya sayi ƙari ga wasan da yake bugawa ta wannan hanya, ƙarin nasa ne, amma ranar da aka cire wasan daga jerin ko ya daina biya, ba zai iya taɓa shi ba sai ya sayi wasan.

Wannan ya kai mu ga abin da ke ƙarƙashin cinikin gaba ɗaya, wato cewa abin da ake saya a shagon intanet lasisin amfani ne, ba mallaka irin ta kaya ba. A Nuwambar 2020 kamfanin Bungie ya cire ainihin labarin Destiny 2 da abin da ke cikin ƙare-ƙarensa biyu na farko, yana mai cewa wasan ya yi girman da ba ya iya kula da shi, a Fabrairun 2022 kuma labarin Forsaken ya bi su, duk da cewa mutane da kuɗinsu suka saye su. Ubisoft ya kashe manyan kwamfutocin da ke ɗauke da wasan tseren mota The Crew a ƙarshen Maris na 2024, wasan ya daina buɗuwa har ga masu faifai, abin da ya haifar da gangamin Stop Killing Games wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan 1 a Yulin 2025. Jihar Kalifoniya ta yi doka a Satumbar 2024 da ta hana shagunan intanet amfani da kalmar saye ba tare da sun bayyana cewa lasisi ne ba, Steam kuma ya fara rubuta hakan a shafin biyan kuɗi a watan da ya biyo baya. Haɗarin ya fi yawa ga wasannin da ba sa buɗuwa sai da intanet, kuma a cikinsu ne ake sayar da mafi yawan kayan ado da tikitoci.

Damar janye ciniki kuwa ƙarama ce kuma ta bambanta daga shago zuwa shago. Steam yana mayar da kuɗi cikin kwana 14 idan ba a buga wasan ya kai awa 2 ba, kuma tun Afrilun 2024 awannin da aka buga a kwanakin shiga da wuri suna cikin lissafin. PlayStation shi ma kwana 14 yake bayarwa, amma da zarar an fara sauke abin damar ta faɗi, sai dai idan abin ne ya zo da lahani. Ke nan wanda ya sayi ƙarin yankin da bai dace da faifansa ba yakan gano kuskuren ne bayan ya sauke, lokacin da ƙa'idar mayar da kuɗin ta riga ta wuce shi. Yawancin shagunan suna sayar da haɓakawa daga bugun gama-gari zuwa Deluxe daban, a kan kusan bambancin farashin da ke tsakaninsu, saboda haka wanda ya fara da ƙaramin bugu yana iya hawa sama duk ranar da ya ga dama, alhali babu shagon da ke karɓar bugun Ultimate ya mayar wa mutum da canji.